KYAMARA A ƘIRJIN ƊAN SANDA: WA ZAI RIƘE MABUƊIN?

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a gaban taron direbobi da fatake da shugabannin 'yan kasuwa a garin Uke, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, game da irin na'urar ɗaukar hoto da ta dace a rataya wa 'yan sanda. An buga shi ne domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun, Anaca, Fatakwal da sauran biranen Kudu.



Duk wanda ya taɓa ɗauko lodin albasa ko shanu daga Arewa ya nufi kurmi ya san cewa tsakaninsa da kasuwa akwai shingaye masu yawa, kuma a kowane shinge akwai ɗan sanda. Galibi akan gaisa a wuce lafiya. Amma ran da aka sami saɓani, har aka dangana da caji ofis, daga can aka wuce kotu, to, magana takan zama tsakanin baki biyu, watau bakin mai kaki da bakin baƙo. Alƙali bai je wurin ba. Abin da aka rubuta a takarda shi zai duba, alhali kuwa wanda ya rubuta takardar ɗaya ne daga cikin masu jayayyar. Wannan shi ya sa ƙasashe da dama suka ɗauki dabarar rataya wa ɗan sanda wata 'yar kyamara a ƙirji, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana ɗaukar hoto da murya sa'ad da yake bakin aiki.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Sai dai shi ma hoto yana da mai shi. A wajen zaɓen wannan na'ura, kyan hotonta shi ne ƙaramin al'amari. Manyan al'amuran guda huɗu ne: wa ke da ikon kunna ta, wa ke ajiye abin da ta ɗauka, wa ke iya gogewa, kuma wa ke da damar ya gani.

DARASIN APO DA NA LEKKI

Ba sai an je nesa neman misali ba. A daren 7 ga watan Yuni na shekarar 2005, 'yan sanda suka harbe waɗansu matasa shida a birnin Abuja, maza biyar masu sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Apo, da budurwa ɗaya. Dukansu mutanen Kudu ne da suka zo neman abinci, kamar yadda ɗan Arewa ke zuwa Ikko neman nasa. Hukumar 'yan sanda ta ce 'yan fashi ne. Aka ajiye makamai kusa da gawarwakinsu, aka ɗauki hoto don ya zama shaida. Da abokan sana'arsu suka ƙi yarda, Shugaban Ƙasa na lokacin, Olusegun Obasanjo, ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, kwamitin kuwa ya yi watsi da bayanin 'yan sanda. Duk da haka ba a yanke hukunci ba sai a watan Maris na 2017, lokacin da Mai Shari'a Ishaq Bello na Babbar Kotun Abuja ya yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ya sallami uku. Shekara kusan goma sha biyu iyalan mamatan suna jira.

Abin lura shi ne, a wannan shari'a akwai hoto tun ranar farko. Amma hoton an ɗauke shi ne a lokacin da masu laifi suka zaɓa, bayan sun shirya wurin yadda suke so.

Misali na biyu daga Ikko yake. Zanga-zangar neman a rushe rundunar SARS a watan Oktoba na 2020 ta samo asali ne daga wani hoton bidiyo da aka ɗauka da wayar hannu a garin Ughelli na Jihar Delta. Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ba da sanarwar rushe rundunar ran 11 ga watan. Ran 20 ga watan aka yi harbi a ƙofar karɓar kuɗin hanya ta Lekki. Akwai kyamara a wurin. Amma da kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya nemi faifan, sai kamfanin da ke kula da ƙofar ya ce na'urar ta daina ɗauka da misalin ƙarfe 8 na dare. Har yau ana gardama a kan abin da ya auku a wannan dare. A Apo hoto ya yi ƙarya, a Lekki hoto ya yanke. Kowace na'ura za a saya, tilas ne ta zama ta toshe waɗannan ƙofofi biyu.

ABIN DA AKA GWADA A ƘASASHEN WAJE

'Yan sandan Ingila suna cikin waɗanda suka fara gwada wannan na'ura, a yankin Devon da Cornwall, wajen shekarar 2005. A Amurka kuwa, wani ƙaramin gari mai suna Rialto a Jihar Kalifoniya ya yi gwaji na shekara guda daga 2012 zuwa 2013. Sakamakon ya ba kowa mamaki, domin ƙorafin jama'a a kan 'yan sanda ya ragu da kashi 88 cikin 100, yin amfani da ƙarfi kuma ya ragu da wajen kashi 60. Bayan kisan wani saurayi baƙar fata a garin Ferguson a 2014, Shugaba Barack Obama ya nemi a ware dala miliyan 75 don a taimaka wa garuruwa su sayi kyamarori 50,000. A 2016 'yan sandan birnin London suka soma raba guda 22,000 ga jami'ansu.

Amma ba ko'ina aka ga irin nasarar Rialto ba. A birnin Washington an yi gwaji da 'yan sanda fiye da 2,000, da sakamako ya fito a 2017 sai aka ga babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin masu kyamara da marasa ita. Wani bincike da masana na Jami'ar Cambridge suka buga a 2016 ya haska wani ɓangare na dalilin irin wannan saɓani. A wuraren da ɗan sanda ya bi doka ya bar na'urar tana ɗauka daga farkon hulɗa da mutum har ƙarshenta, yin amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 37 cikin 100. A wuraren da aka bar shi ya kunna ya kashe yadda ya ga dama, sai abin ya ƙaru da kashi 71. Na'ura ɗaya ce, hannun da ke kan madanninta ne ya bambanta.

A nan gida ma an soma. A shekarar 2021 Gwamnan Jihar Ikko, Babajide Sanwo-Olu, ya ƙaddamar da irin waɗannan kyamarori domin jami'an jihar, irin su LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci, kuma a wannan shekara Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma rataya wa nata jami'an. Amma rundunar 'yan sanda ta Gwamnatin Tarayya ce, mutanenta sun haura 300,000, saboda haka duk zaɓen da za a yi mata zaɓe ne na maƙudan kuɗi, wanda zai daɗe yana bin jama'a.

SHARUƊƊA BIYAR NA NA'URA

Sharaɗi na farko shi ne na kunnawa. Kyamarori na ƙwarai suna da wata dabara: ko ba a danna madanni ba, suna riƙe da hoton daƙiƙa 30 da suka wuce, da zarar an danna sai su haɗa da shi. Amfanin wannan ya bayyana a birnin Baltimore na Amurka a 2017. An ga wani ɗan sanda yana cusa ƙullin ƙwaya cikin gwangwani a bayan wani gida, ya fita titi, ya kunna kyamararsa, sa'an nan ya koma ya ɗauko ƙullin kamar yanzu ya gano shi. Waɗannan daƙiƙu 30 su suka tona shi, kotu kuma ta same shi da laifin ƙirƙirar shaida a 2018. Bugu da ƙari, akwai na'urorin da ke kunna kansu da zarar an zaro bindiga daga kube ko an kunna jiniyar mota. Irin waɗannan su ya kamata a nema.

Sharaɗi na biyu shi ne na murya, kuma ga ɗan Arewa mazaunin Kudu wannan ya fi hoto muhimmanci. Mai gadi ko ɗan acaba ko mai tura ruwa da bai ji Turanci ba, bai ji Yarbanci ko Inyamuranci ba, yakan yi bayani da Hausa, tafinta ya juya, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, a ce ya dangwala yatsa. Tsakanin "na ga kayan" da "na ɗauki kayan" kalma ɗaya ce, amma tana iya zama shekaru a kurkuku. Idan muryarsa tana cikin faifai, kowane mai jin Hausa zai iya gaya wa alƙali abin da ya faɗa. Don haka dole a gwada na'urar a cikin hayaniyar tasha da ƙarar tireloli, a tabbatar magana tana fita sarai, kafin a sa hannu a takardar ciniki.

Sharaɗi na uku shi ne juriya. Batir ya kai awa goma sha biyu, domin aikin ɗan sanda yakan kai haka. Na'urar ta jure ƙurar hunturu da zafin bazara da ruwan damina, ta kuma jure faɗuwa a kan kwalta. Wajibi ne a tuna cewa ofisoshin 'yan sanda da yawa, musamman na ƙauyuka, sukan kwana su wuni babu wutar lantarki. Kyamarar da ba ta da caji daidai take da wadda aka kashe da gangan, har ma ta ba mai son kashewa hujja. Saboda haka kuɗin faranti mai tara hasken rana da batiran ajiya su shiga cikin lissafi tun farko.

Sharaɗi na huɗu shi ne na ido. Ana son ido mai faɗi, wanda zai kama direba da yaron mota da hannun ɗan sandan kansa, domin a shinge abin da hannu ke karɓa shi ne shaida. Ana son kuma ya iya gani a ƙarancin haske, tun da yawancin rigimar hanya da dare take aukuwa. Amma kada a ruɗu da hoto mai tsananin kyau. Awa guda ta hoto matsakaici takan ci wajen gigabait ɗaya zuwa biyu na wurin ajiya, in an ƙara kyan hoton kuwa sai ta ninka, batir ma ya ƙare da wuri. Matsakaicin da za a gane fuska da lambar mota ya wadatar.

Sharaɗi na biyar shi ne hatimi. Kada na'urar ta zo da katin ajiya da ake zarewa, kada ta zo da madannin gogewa. Kowane hoto ya ɗauki kwanan wata da lokaci da wuri da lambar ɗan sandan da ke rataye da ita. Kwamfutar da ke karɓar hoton ta sa masa alamar lissafi wadda za ta canja in an taɓa shi ko da ƙiris, ta kuma rubuta sunan duk wanda ya buɗe shi da lokacin da ya buɗe.

RUMBUN AJIYA DA KUƊINSA

To, in na'ura ta cika waɗannan sharuɗɗa, saura babbar tambaya: ina hoton zai kwana? In an bar shi a kwamfutar ofishin da ake ƙara, a hannun babban jami'in da yaransa ake tuhuma, an ba kura ajiyar nama. Abin da ya dace shi ne, da ɗan sanda ya tashi aiki ya ɗora kyamarar a mazauninta, hoton ya wuce kai tsaye zuwa babban rumbu, wata hukuma dabam kuma ta riƙe mabuɗi na biyu. Akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai ma'aikatun shari'a. Ko wacce aka zaɓa, muddin dai ba a ƙarƙashin umurnin wanda ake tuhuma take ba, an rage ɓarna.

Nan ne kuma kuɗi ke shiga. Sayen kyamara sau ɗaya ne, biyan kuɗin ajiya kuwa kowace shekara ne, kuma manyan kamfanonin waje da dala suke karɓa. A farkon 2023 dala tana kan Naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma, a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Ko a Amurka akwai ƙananan garuruwa da suka ajiye kyamarorinsu saboda kuɗin ajiya ya fi ƙarfinsu.

Mutanen wannan yanki sun ga irin wannan da idonsu. A shekarar 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470, mafi yawansu bashi ne daga bankin ƙasar Sin, don a kafa hanyar sadarwar tsaro da kyamarori wajen 2,000 a Abuja da Ikko. An kafa turaku a tituna, amma aikin bai ɗore ba, har Majalisar Wakilai ta yi bincike a kansa. Da bam ya tashi a tashar motar Nyanya ran 14 ga watan Afrilu na 2014, a kan wannan hanya da ta ratsa Uke, jama'a sun yi ta tambayar ina amfanin kyamarorin. Darasin a fili yake. Kwangilar da ba ta ƙunshi kuɗin gyara da kayan gyara da horar da ma'aikata na shekaru masu zuwa ba, asarar dukiyar jama'a ce. Akwai Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa da doka a 2019, kuma irin wannan hidima ta yau da gobe ita ta fi cancanta da kuɗinsa. Har ila yau, a rubuta a cikin kwangila cewa hotunan mallakar Nijeriya ne, kuma in an rabu da kamfani za a iya kwashe su a koma wani ba tare da biyan fansa ba.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokokin ƙasa sun riga sun share hanya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi shaidar da ta fito daga kwamfuta, bisa sharaɗin a kawo takardar tabbaci cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. Ke nan na'urar da ba ta iya nuna tarihin hotonta ba, lauya zai iya rushe shaidarta a kotu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 15 da na 17, ta yi tanadin ɗaukar bayanin amsa laifi a faifan bidiyo, da kasancewar lauya ko wani wanda mutum ya zaɓa, da tafinta ga wanda bai ji Turanci ba. Jihar Ikko tana da irin wannan tanadi a dokarta tun 2007, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata shari'a da ta taso daga jihar, cewa bin wannan tanadi tilas ne. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 kuwa ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun lokaci da abin da zai kare kansa da shi, hoton kama shi kuma yana cikin irin wannan abu.

Akwai kuma ɗaya gefen, watau sirrin jama'a, wanda sashe na 37 na Tsarin Mulki da Dokar Kare Bayanai ta 2023 suka tsare. Ɗan sanda yakan shiga gidan da akwai matan kulle. Yakan saurari yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko mutumin da ya kawo rahoton ɓarayi a asirce. In irin wannan hoto ya fita ya shiga wayoyin mutane, an tozarta gida, wataƙila ma an jawo asarar rai. Don haka na'urar ta zo da hanyar rufe fuskoki kafin a nuna hoto, a kuma yanka wa'adin ajiya. A London, hoton da ba a ware shi a matsayin shaida ba yakan goge bayan kwana 31.

Kada a ɗauka wannan na'ura maƙiyiyar ɗan sanda ce. Kurtun da ke tsaye a rana, yana aikinsa tsakani da Allah, shi ma akan yi masa ƙazafi, kuma ba shi da mai fitar da shi sai irin wannan shaida. Wanda zai ji tsoronta shi ne mai abin ɓoyewa, ko mai kaki ne ko farar hula.

AIKIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Sarakunan Hausawa na Sabo a Badun, da na Agege da Idi-Araba, da shugabannin kasuwar Mile 12 da ta shanu ta Lokpanta, da ƙungiyoyin direbobi, duk suna da bakin magana a gaban hukuma. Idan majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, ko kwamishinan 'yan sanda ya kira taron shugabannin al'umma, kada su tsaya a kan godiya cewa an sayo na'ura. Su yi tambayoyin nan huɗu da aka ambata a farko, su ƙara da ta biyar: mene ne hukuncin ɗan sandan da aka tarar kyamararsa a kashe a lokacin da aka ji wa mutum rauni? Dokar da ba ta amsa wannan ba, ba ta gama aikinta ba.

Shi kuma matafiyi ko ɗan kasuwa, in ya sami matsala da jami'in da ke rataye da kyamara, ya kame bakinsa daga zagi, domin nasa ma ana ɗauka. Ya faɗi sunansa da inda ya fito da inda za shi da murya mai ƙarfi, da harshen da ya iya. Ya riƙe lambar jami'in da wurin da lokacin. Sa'an nan ya hanzarta neman lauya, ko ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali, a rubuta takardar neman a adana hoton kafin wa'adinsa ya cika. Jinkirin mako biyu ko uku yana iya sa shaidar da za ta fitar da mutum ta salwanta.

Allah ya kiyaye matafiya, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasa lafiya.